Ba a Shiga Zauren Gwanaye da Yawan Kambu

Akwai wani wasa da samarinmu na Garwa suka ɗauka da zafi a 'yan shekarun nan, wanda dattawa ke kallo su girgiza kai su wuce. Samarin sukan haɗu a gidan gem ko a majalisar shayi su kafa duniyar resilin tasu ta kansu. Su ne masu kamfani, su ke haɗa karo, su ke naɗa zakara, su ke tuɓe shi. Wasu a na'urar PlayStation suke yi, cikin wasan WWE 2K, wasu kuwa littafin rubutu da biro sun ishe su. Idan shekara ta zagayo sai a zauna zaɓen waɗanda za a shigar a abin da suke kira zauren gwanaye, wato jerin sunayen da ba za a ƙara gogewa ba komai daɗewa. A wannan zama ne murya ke tashi, har aminai su kwana biyu ba sa gaisawa.

Ni ban ga abin dariya a ciki ba. Yaron da ya zauna yana gardamar wane ne ya cancanci a tuna da shi ya taɓa aikin da makaɗan fada da marubuta tarihi suka ƙare rayuwarsu a kai. Rigimata da samarin nan a kan mudun da suke awo da shi take. Mudun guda ɗaya ne tak: kambu nawa ya ɗauka? John Cena 17, Ric Flair 16, Randy Orton 14, sai a jero su daga sama zuwa ƙasa kamar sakamakon jarrabawa. Idan aka yi musu gorin cewa babu namu ko ɗaya a jerin, sai mai wayon cikinsu ya ce to a kawo Issaka Issaka na Doso, mai takobi 6, a ba shi wuri can ƙasa da Orton. Suna ganin sun karrama shi ke nan. Ni kuwa ina ganin gara a bar shi a waje da a shigar da shi ta wannan ƙofa, domin an auna gero da ƙaiƙayi a mudu ɗaya.

Mu duba inda aka aro al'adar. Kamfanin WWE ya buɗe nasa zauren a 1993, bayan mutuwar André the Giant, ƙaton Bafaranshen nan, kuma shi kaɗai aka shigar a shekarar. Zauren nan ba shi da bango, ba shi da ƙofa. Biki ne da ake yi a sayar da tikiti a haska a talabijin, galibi a makon WrestleMania. Ba a jefa ƙuri'a a bainar jama'a, ba a bayyana sharuɗɗa. Masu kamfani ke nuna wanda suke so. Bruno Sammartino ya riƙe kambun kamfanin kwana 2,803 a jere, daga Mayun 1963 zuwa Janairun 1971, babu wanda ya kamo ƙafarsa har yau, amma bai shiga zauren ba sai 2013, saboda ya daɗe ba sa ga-maciji da Vince McMahon, ya ƙi amsa gayyata. A daren da ya shiga, wa aka shigar tare da shi? Donald Trump, wanda cancantarsa ita ce abota da mai gida, da kuma gidan cacarsa da ya ɗauki nauyin WrestleMania sau biyu, a 1988 da 1989. Hulk Hogan ya shiga a 2005, aka goge shi a 2015 lokacin da wani faifai ya fito yana zagin baƙar fata, aka mayar da shi a 2018 da ƙura ta lafa. Sunan da ake gogewa a mayar gwargwadon yadda kasuwa ta kwana, ai allon talla ne aka rubuta shi a kai.

Kambun kansa fa? Tun 1989 kamfanin ya faɗa da bakinsa a gaban 'yan majalisar jihar New Jersey cewa abin da yake yi nishaɗi ne, ba gasa ba, don ya kuɓuta daga dokoki da harajin hukumar wasanni. Wanda zai yi kaye da wanda za a kayar an san su tun kafin a kunna fitilu. Saboda haka kambu 17 na Cena na nufin sau 17 marubuta labari da masu kuɗi suka yanke cewa shi zai fi jawo 'yan kallo. Wannan ba raini ba ne. Jikin mutanen nan na gaske ne, kashin da ke karyewa na gaske ne, kuma Owen Hart ya faɗo daga rufin zauren wasa a Kansas City a Mayun 1999 ya mutu, mutuwar da babu marubucin da ya tsara ta. Gwanintarsu akwai ta, sai dai gwanintar ɗan wasan kwaikwayo ce mai ƙarfin jiki: iya riƙe taro, iya sa dubban mutane su so ka ko su tsane ka cikin minti biyar. Wanda zai auna su da gaskiya da wannan zai auna su, kamar yadda muke auna marigayi Rabilu Musa Ibro da yawan cikin da ya ƙulle da dariya, ba da yawan faɗan da ya ci a fim ba. A filin kokawar Nijar akwai 'yan cali-cali, masu shiga fage su kwaikwayi tafiyar manyan 'yan kokawa da kirarinsu da yadda suka faɗi, jama'a na dariya har da hawaye. Kowa na son su, gasa ba ta daɗi sai da su, amma ba a taɓa jin wanda ya ce a ba ɗan cali-cali takobi ba.

Kuma in samarin na neman Afirka a wancan gida, su tuna yadda aka nuna ta. Kamala, wanda aka yi shekaru ana tallarsa a matsayin ƙaton dajin Yuganda, da fenti a fuska, ba ya jin magana, yana ta bugun cikinsa, sunansa James Harris, mutumin Mississippi ne.

Abin da ke ba ni takaici shi ne muna da namu zauren tun kafin a haifi kakan McMahon, kuma ya fi nasu tsauri. Zaurenmu waƙa ce da kirari. Bahaushe bai gina ɗaki ya rataye hotuna ba. Ya ba makaɗi aikin. Ɗan dambe ko ɗan kokawa yana iya yin kaye ɗari a ƙauyukan da ke kewaye da shi, idan ganga ba ta kira sunansa ba, da shi da labarinsa kabari ɗaya za su shiga. Yau wa ya rage a duniya cikin waɗanda suka ga Shago yana dambe da idonsu? Kaɗan ne ƙwarai, in ma akwai. Amma daga Sakkwato har nan bakin Binuwai, ka ambaci Shago a gaban Bahaushen da ya haura arba'in ka ga yadda fuskarsa za ta canza, domin Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya gina masa ɗakin da ruwa ba ya rushewa. Haka Sagalo ya yi wa 'yan kokawar Nijar. Kuma 'yan dambe sun ƙara wata hikima da babu ita a wancan gida: suna ɗauke da iyayen gidansu a cikin sunayensu. Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane. Duk lokacin da sankira ya kira yaro fage ya kira wanda ya ɗaure masa hannu, ko da ya shekara ashirin a ƙasa.

Na san abin da za a ce, kuma maganar tana da nauyi. Za a ce makaɗi ma ɗan kasuwa ne, wanda ya ba shi riga da doki shi yake yi wa waƙa, to mene ne bambancinsa da mai kamfani? Gaskiya ne makaɗi na cin abinci da bakinsa, kuma akwai waƙoƙin da kuɗi suka haifa. To, amma makaɗin maza yana da linzamin da mai kamfani ba shi da shi. Yana waƙarsa ne a gaban mutanen da suka tsaya a fagen, waɗanda ƙurar karon ta shiga musu ido. Yana iya zuzuta kaye, ya mai da ɗan tsaki gwauron giwa, ya ce ƙasa ta girgiza, amma ba ya iya cewa wanda aka kayar shi ya yi kaye. Ranar da ya gwada, ranar ce 'yan kallo za su watse su bar shi da kalangunsa. Ƙarin gishiri halal ne a sana'arsa, juya sakamako kuwa kashe kai ne. Sannan a lura da wani abu: Ɗan Anace bai iya gina Shago shi kaɗai ba, sai da Ɗandunawa. Girman gwani daga girman abokin karonsa ake gane shi, shi ya sa sunan abokin karon ya tsira tare da nasa. Mudun Bahaushe ke nan: wa ka kayar, a ina, a gaban wa, kuma shi wanda ka kayar ɗin wa ya taɓa kayarwa?

Da wannan mudu za mu je Nijar, inda kokawa, ko kokowa kamar yadda suke faɗa, ta zama sarauniyar wasanni. A 1975, zamanin Seyni Kunce, aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama zakara. Yanzu jihohi 8 ke haɗuwa, kowace da 'yan kokawa 10, mutum 80 ke nan, ana zagayawa da gasar daga babban gari zuwa babban gari, wanda ya rage a tsaye ya ɗauki takobi. Nan babu marubuci. Bayanka ya taɓa ƙasa, kasuwarka ta takobi ta watse sai baɗi, ko kai wane ne. Takobi ɗaya na wannan fage ya fi kambun talabijin 17 nauyi, kuma takobi 6 da Issaka Issaka ya tara, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023, abu ne da babu mai hankalin da zai raina.

Duk da haka, ko a nan ƙidaya ba ta isa ba, kuma wannan ne wurin da nake so samarinmu su tsaya su yi tunani. Ka je Maraɗi ko Damagaram ka zauna da tsofaffi ka ce mai takobi 6 ya fi Kantu, ya fi Salma Ɗan Rani na Doso, ya fi Kadade na Tawa, ya fi Langa-Langa, don lissafi ya nuna haka. Ba za su yi maka gardamar lissafi ba. Za su tambaye ka su wa ke fagen a lokacin. Mutanen nan zamani ɗaya suka yi, kowannensu dutse ne a hanyar ɗan'uwansa, takobin da ɗaya ya ɗauka daga bakin sauran ya ƙwace shi. Wanda ya zo na biyu sau uku a tsakiyar irin waɗannan zakuna yana iya fin wanda ya zo na ɗaya a shekarar da fage ya yi sanyi. Ba ina cewa fagen Issaka ya yi sanyi ba. Ina cewa lamba ba ta amsa tambayar, sai an buɗe ta an ga sunayen da ke ciki. Kuma me za a yi da mazajen da suka yi kokawa kafin 1975, waɗanda suka bi ƙauyuka da kaka bayan an ɗaure dawa, daga Gobir zuwa Adar zuwa Arewa, suna neman wanda zai tare su? A littafin ƙidaya takobinsu sifili ne. Mudun da ke ba kakannin Kantu sifili ya nuna kansa.

Mutanen Senegal sun fahimci wannan. Idan suna maganar Yékini, ba yawan kofunansa suke fara kawowa ba, cewa suke ya yi kusan shekara 15 ba a kai shi ƙasa ba, su lissafo manyan da ya bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya, sannan su faɗi ranar da Balla Gaye 2 ya kayar da shi a Afrilun 2012. Faɗuwar tana cikin labarin, ba a ɓoye ta, domin ita ce shaidar cewa sauran nasarorin ba shiri ba ne.

Akwai kuma gaggawa. Samarinmu na shigar da mutum zaure alhali gumin fage bai bushe a jikinsa ba, don hoton bidiyonsa ya zagaya wayoyi a makon nan. Ko Amurkawan da ake kwaikwayo, inda suka ɗauki abin da gaske ba haka suke yi ba. A wasan ƙwallon sandarsu da suke kira besbol, wanda aka fara zaɓen gwanayensa a 1936, sai ɗan wasa ya shekara 5 da yin ritaya kafin a sa sunansa a takardar zaɓe, kuma sai ya sami kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'un marubuta wasanni. Pete Rose, wanda ya fi kowa yawan bugu a tarihin wasan, an rufe masa wannan ƙofa har ya mutu a 2024 saboda ya yi caca a kan wasannin ƙungiyarsa. Amma tun 2004 yana cikin zauren WWE, inda aikinsa shi ne ya fito a ɗaga shi a maka da ƙasa jama'a su yi shewa. Zaure biyu a ƙasa ɗaya, sai samarinmu suka tsallake mai sharuɗɗa suka ɗauko na 'yan talla.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami, wadda ta fi duk na baya ciwo. Ka karɓi jerin samarin nan ka karanta daga farko har ƙarshe. Za ka ga Amurkawa. In an gyara, za ka ga mutanen Doso da Maraɗi, ka ga 'yan damben Kano da Sakkwato da ake gani a YouTube, wataƙila da Basenegale ɗaya ko biyu. Ba za ka ga sunan mutum ɗaya da ya sha ruwan Binuwai ba. Ko ɗaya. Jerin da aka rubuta a Garwa, da hannun 'ya'yan Garwa, babu Garwa a cikinsa.

Wannan ciwo ne na zamanmu a nan, ba na kokawa kaɗai ba. Kakanninmu sun shigo ƙasar Adamawa a matsayin fatake da mahauta da wanzamai da marina da malamai, suka zauna ƙarƙashin lamiɓe, suka kafa unguwanni, har Hausare ta zama suna a taswirar gari. A kasuwa Fulatanci muke yi, a makaranta da ofis Faransanci, in mun sauka Yawunde ko Duwala kuma a kira duk wani Musulmin arewa da sunanmu, ko ya iya Hausa ko bai iya ba. Sunanmu ya cika ƙasa, labarinmu kuwa babu mai riƙe da shi. Fim daga Kano yake zo mana, waƙa daga Kano da Kaduna, labarai daga Landan da Bon, zakarun kokawa daga Nijar. Mun saba da karɓa har mun ɗauka cewa Bahaushen gaske yana can wani wuri, mu nan inuwarsa ce. Alhali kuwa duk inda mahauta suka sauka kalangu na bin su, duk inda manoma suka ɗaure amfanin gona samari na gwada ƙarfi a dandali. Sunayen mazajen da suka yi wannan a unguwanninmu da ƙauyukanmu suna nan a bakin tsofaffi, a mahauta, a tashar mota, a rumfunan kasuwar Pitowa ranar Lahadi, a zauren da ake zaman makoki. Kowace jana'izar dattijo da muka raka, da wasu daga cikin sunayen nan muke rufewa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ba wai garin bai iya riƙe nasa ba ne. A ƙwallon ƙafa, yaron da bai kai goma ba zai gaya maka Vincent Aboubakar a Coton Sport ya taso, zai kwatanta maka yadda ya ɗaga ƙwallo ya buga wa Masar a wasan ƙarshe na 2017 a Libreville. Ƙwallo tana da hukuma da 'yan jarida da kundin ajiya. Kokawar unguwa ba ta da kowa sai mu. Kuma mutanen garin da ɗansu mafi shahara, Ahmadu Ahijo, ke kwance a Dakar tun 1989, bai kamata a koya musu cewa tunawa da mutum ba ta faruwa da kanta ba. Wani ne ke yanke wa za a kawo gida, wa za a bari a waje.

Idan aka buɗe ƙofar gida kuwa, dole a buɗe ta da faɗi, kuma na san a nan wasu 'yan'uwa za su ɓata fuska. Ba mu ne manyan 'yan kokawar arewacin Kamaru ba. Wannan suna na Masa da Tupuri ne, mutanen Yagwa da kewayen Mayo-Danay, waɗanda samarinsu ke keɓe kansu da shanu su yi watanni suna shan madara suna gina jiki, sannan su fito rawa da kokawa a gaban dangi. Da yawansu maƙwabtanmu ne a nan Garwa, gida na jikin gida, 'ya'yanmu aji ɗaya. Wanda ya ce zauren gwanayen Hausawa ne, don haka ba ruwansa da su, ya manta darasin Ɗandunawa. Idan wani tsoho ya ba ka labarin Bahaushen da ya kayar da ƙaton Bamasa a wata kaka, labarin ba shi da daraja sai da sunan Bamasan da tarihin waɗanda shi ma ya kayar. In kuwa Bamasan ne ya yi kayen, a rubuta haka, a sa shi a sama. 'Yan tsiraru irinmu suna da jarabar rubuta tarihin da ba a taɓa kayar da su ba a ciki, kuma tarihi irin wannan resilin ne da babbar riga.

Wasu malamanmu za su ce duk wannan ɓata lokaci ne, kokawa wasan jahiliyya ce, ga layu ga guraye ga tsiraici. Maganar layu da surkulle tasu ce, kuma suna da hujja a kanta. Amma ita kokawar kanta, littattafan hadisi sun kawo labarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Rubuta sunan wanda ya yi kaye a Yelwa shekara hamsin da suka wuce ba ya halatta layar da ya ɗaura, kamar yadda rubuta tarihin sarki ba ya wanke zaluncinsa. A kan halin mutum ma haka nake gani. Chris Benoit gwani ne a sana'arsa, ya kashe matarsa da ɗansa a 2007 ya kashe kansa, kuma daidai ne da ba a karrama shi ba. Sai dai hana karramawa daban, goge abin da ya faru daban. Kundin ajiya ya ɗauki kowa da abin da ya aikata, mai kyau da mummuna. Zaure kuwa a tace masu shigarsa.

Saura wa zai yi zaɓen. Ba yawan dangwale a waya ba, domin wannan zai ba wanda ya yi zamani da kyamara nasara a kan wanda ya yi zamani da ganga kullum. Ba alhajin da ya sayi kofi da lemo ba, kada mu wayi gari mu ga ƙanin matarsa a zaure kamar yadda aka ga Trump. Masu zaɓen da na yarda da su su ne waɗanda aka kayar. Babu wanda ya san ƙarfin ɗan kokawa kamar mutumin da bayansa ya sha ƙasa a hannunsa, kuma tsohon ɗan kokawa ba ya yabon wanda ya kayar da shi don son rai. Bayansu sai makaɗa da sankirori da suka rage, sai matan da suka yi guɗa a bakin fage, waɗanda sau da yawa sun fi maza riƙe wane ɗan wane ne. Mu da muka tashi muna jin malamai na cewa wane ya ji daga wane, ba mu da uzurin karɓar labari daga baki ɗaya. Kaye ba zai shiga littafi ba sai mutum biyu da ba gida ɗaya suke ba sun ba da shi, kuma an rubuta sunayensu a ƙarƙashinsa. Inda suka saɓa a rubuta saɓanin.

Ƙannena masu littafi da biro, ba na ce ku rufe duniyarku ba. Ku bar Cena da Undertaker a nasu shafin, ku auna su da yadda suka iya riƙe taro, ku yi gardamarku har asuba. Amma ku buɗe shafi na biyu, kuma kada ku rubuta lamba a gaban kowane suna. Wayar da kuke kallon WrestleMania da ita tana ɗaukar murya. Ku sayi goro, ku sami sarkin fawa ko tsohon da ke zaune a ƙofar masallacin unguwa bayan la'asar, ku durƙusa ku gaishe shi yadda ya kamata, ku ce: Baba, a zamaninku wa ake tsoro a fage? In ya faɗi suna kada ku tashi. Ku tambaye shi ɗan wace unguwa ne, wa ya koya masa, da wace kaka ya yi tashe, zamanin wane lamiɗo ne, wa ke yi masa kiɗa, wa ya taɓa kai shi ƙasa, kuma wane ne ya rage da rai cikin waɗanda suka gani, don ku je wurinsa gobe.